Fanisau: A Riƙa Zuwa Ko Ba Ranar Hawa Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa Fanisau ne, ƙauyen nan da ke arewa da birnin Kano, a ƙaramar hukumar Ungogo, daura da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Tambayi Bakano me ya sani game da Fanisau, zai ce maka hawa. Gaskiyarsa. A Babbar Sallah, in an yi hawan Daushe an yi na Nasarawa, gidansa da ke can Sarki kan nufa, kamar yadda ake zuwa Ɗorayi a Ƙaramar Sallah. To amma me ya kai gidan sarki ƙauye tun farko? Yaƙi ne ya kai shi.

Da Malam Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, ba kowa ne ya yi masa mubaya'a ba. Ɗan Tunku, wani jagoran Fulani, ya ƙi, ya riƙa kawo hari daga arewa. Sai Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, wato sansanin tsare birni, inda runduna ke taruwa kafin a fita yaƙi. Shi ya sa da Baturen Ingilan nan mai yawon bincike, Kilafaton, ya iso Kano a 1824, bai tarar da Sarki a fada ba, Fanisau aka kai shi gaisuwa. Rigimar ba ta kwanta ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani, ya bar wa Ɗan Tunku Kazaure.

Akwai kuma ɓangaren da maroƙa ba sa faɗa. Gandayen sarki da suka kewaye garin, bayi ne suka nome su. Guminsu ne ya ciyar da mayaƙa da dawakinsu. Su ma tarihin Kano ne, kuma ya kamata a riƙa ambatonsu duk lokacin da aka ambaci sarakuna.

Kwanakin baya na je, ranar da babu algaita babu ƙarar bindiga. Na hau dutsen garin, ga yara na kiwon awaki, ga jirgi na sauka kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wani dattijo da na samu a inuwa ya nuna mini da sandarsa inda gonar kakansa take. Yanzu bulo ne jere, an yanka fuloti. Birni na ta matsowa, kuma ba mai hana shi, mutane na neman muhalli.

Abin da ya dame ni, irin wannan dattijo saura kaɗan. Roƙonmu ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da malaman Jami'ar Bayero, a je da rikoda a naɗi bakinsu tun suna da rai. Ku kuma malaman makaranta, in kun kai ɗalibai Gidan Makama da Dutsen Dala, ku ƙara musu da Fanisau. Daga birni ba nisa, a yini guda an je an dawo.