Yadda coci ke renon mai jagorar yabo ta hanyar zaman koyon aiki

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar mai jagorar yabo za mu yi, wato wanda yake tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi ya ɗauko waƙa kowa ya bi, da kuma yadda ake horar da shi ta hanyar zaman koyon aiki a cikin coci, abin da wasu ke kira intanshif.

Abin da aka saba gani a yawancin majami'unmu shi ne, yaro ko yarinya na cikin kwaya, muryar ta fita daban, sai wata rana shugaban kwaya ya yi tafiya ko ya samu aiki a Abuja, shikenan a miƙa wa yaron makirufo a ce Allah ya taimake ka. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake zaɓen waƙa, ko yadda ake magana da fasto, ko abin da zai yi in 'yan kwaya biyu suka daina gaisawa. Murya kam baiwa ce, amma jagorar sujada aiki ne da ake koya a hannun wani, kuma yana cin lokaci.

Wannan ba sabon abu ba ne fa. Ku buɗe Tarihi na Farko sura 25, za ku ga Dawuda ya keɓe iyalan Asaf da Heman da Yedutun domin aikin waƙa a gidan Ubangiji, horarrun mawaƙa 288, an raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12, kuma da aka zo jefa ƙuri'ar aiki an haɗa babba da ƙarami, malami da ɗalibi. Kun ga tun lokacin akwai mai koyarwa akwai mai koyo a cikin aikin. A sura 15 aya 22 ma an ambaci Kenaniya, an sa shi ya kula da waƙa saboda ya gwanance. A ƙasar Hausa ma ai ba a san makaɗi ya tashi rana ɗaya ya zama uban kiɗa ba, sai ya yi shekaru yana amshi a bayan maigidansa, yana ɗaukar kayan kiɗa, yana lura da inda ake ja da inda ake sassautawa, kafin a bar shi ya buɗe baki a gaban taro.

To yaya zaman yake tafiya? Coci ce za ta ɗauki mutum ɗaya ko biyu na wani lokaci da aka yanka, a ce wata shida ko shekara guda, ta haɗa shi da wanda ya daɗe a aikin, sannan fasto da dattawa su san da maganar, ba yarjejeniyar bayan fage tsakanin mutum biyu ba. Makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru, JETS a Jos, da na Kagoro da Gindiri sun daɗe suna tura ɗalibansu majami'u su yi firaktikal, to irin wannan tsarin ne ake so a yi wa mawaƙa. Akwai kuma wuraren da ake koyon kiɗan coci a aji, misali seminarin Baftis da ke Ogbomosho tana da sashen kiɗa da waƙar coci, mawaƙin bishara Panam Percy Paul ma ya kafa makarantar kiɗa a Jos. Duk suna da amfani sosai. Amma aji ba zai nuna maka fuskar Baba dattijo da ke zaune a layin gaba ya naɗe hannu saboda ka yi minti arba'in kana maimaita baiti ɗaya ba.

Watannin farko ɗan koyo ba ya taɓa makirufo sosai. Shi ne farkon zuwa rihaza, shi ne na ƙarshen tafiya, ya koyi haɗa wayoyi, ya san dalilin da ya sa sifika ke ƙara in an juya mata makirufo, ya san ƙarar da ta dace da ɗaki mai rufin kwano don kada tsofaffi su koma gida da ciwon kai. Sannan ya riƙa bin malaminsa zuwa wurin fasto tsakiyar mako a tambayi nassin da za a yi wa'azi a kai. Wannan zaman da fasto ina ganin shi ne rabin aikin gaba ɗaya, domin in wa'azin kan tuba ne kai kuma ka jero waƙoƙin rawa daga farko har ƙarshe, ka raba hankalin jama'a biyu.

Bari in daɗe kaɗan a kan zaɓen waƙa, saboda nan ne matasanmu suka fi tuntuɓe. Mai koyo zai zo da waƙar da ya ji a YouTube, ta ratsa shi, yana so ya kawo ta ranar Lahadi, malamin kirki ba zai ce a'a kawai ba, zai ce rubuto min kalmomin a takarda mu karanta ba tare da kiɗa ba. Me waƙar take faɗa game da Allah? Akwai nassin da ya goyi bayanta? In aka cire gangar akwai abin da ya rage? Mutane da yawa sukan manta wa'azi kafin Talata amma waƙar tana bakinsu har wurin daka da gona, don haka abin da ka sa musu a baki koyarwa ce, Kolosiyawa 3:16 ma ta haɗa waƙa da koyar da juna. Bayan kalmomi sai maganar murya. Gwanin mawaƙi yana son ɗauko waƙa a sama inda muryarsa ke sheƙi, amma jama'a ba za su kai can ba, sai ka ga rabin coci sun yi shiru suna kallo kamar sun zo wasa. Dole ya koyi sauko da kii ɗin, wato tsayin muryar waƙar, inda mama mai shekara saba'in da yaron Sande Sukul za su iya bi tare.

Akwai kuma abin da ya shafi arewa musamman. A ɗarikun coci irin su ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, LCCN da sauransu, za ka tarar coci ɗaya akwai Berom, Ngas, Tangale, Bajju, Bura, Bachama da Hausawa, sau da yawa sujadar Turanci da safe ta Hausa ta biyo baya, ko a haɗa. Hausa ce ta haɗa mu, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 da ita ake wa'azi da waƙa a wurare da dama. Mai koyo wanda ya taso da waƙoƙin Turanci kawai to sai ya koma ya zauna da Littafin Waƙoƙi ya haddace, kuma ni da zan tsara, sai na tura shi ya yi wata guda yana zuwa rihazar Zumuntar Mata. Iyayen nan da tulu da caki da ganga, ba kibod ba lantarki, suna ɗaga coci gaba ɗaya, domin waƙoƙinsu da Hausa aka yi tunaninsu, mai bayarwa ta bayar jama'a su amsa, kuma yawanci labarin nassi ne daga farko zuwa ƙarshe. Haka 'yan Sabon Rai, wato ƙungiyar masu bishara da waƙa. Ranar da aka ɗauke wuta tsakiyar yabo janareta ya ƙi tashi, wanda ya zauna da su ba zai daburce ba, zai ci gaba da tafi da murya.

Sai kuma waƙar makoki, wadda ba a cika koya wa kowa ba. Ikilisiyoyinmu sun sha wuya, a Oktoban 2014 hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi ma sai da 'yan Boko Haram suka mamaye ta, kuma har yau akwai masu sujada a sansanin gudun hijira, akwai gwauraye da marayu a kusan kowane benci. Ba za ka tsaya gaban irin wannan jama'a ka ce kowa ya yi tsalle ba tare da ka ba su wurin kuka ba. Zabura cike take da kuka, ku duba ta 13 da ta 42 da ta 88. Shi ya sa ɗan koyo ya kamata ya bi malaminsa gidan rasuwa da jana'iza, ya ga yadda ake ɗauko waƙa a hankali, da lokacin da ake yin shiru.

Makirufo kuma a hankali ake sakar masa. Waƙa ɗaya a taron addu'a na tsakiyar mako, daga nan taron matasa, daga nan lokacin baiko ranar Lahadi, kafin a ba shi yabon gaba ɗaya. Kowane mako su zauna da malamin, ko da waya aka ɗauki sujadar a saurara tare, a ce nan ka yi dogon surutu tsakanin waƙoƙi, nan ka bar mai ganga ya gudu da kai, nan kuma ka yi daidai. A zaman nan ne ake tambayarsa rayuwarsa ta addu'a, da yadda yake da iyayensa ko matarsa, da yadda yake ji in an tafa wa wani ba shi ba, domin girman kai yana saurin kama wanda ke tsaye a gaba, shi ya sa ma Bulus ya gargaɗi Timoti a kan ba sabon tuba shugabanci.

Yanzu ku iyayenmu fastoci da dattawa, akwai hakki a kanku. Ɗan koyo ba ɗan aike ba ne, in kun ɗauke shi ku rubuta a takarda me zai koya, awa nawa a mako, wa zai kai wa ƙara in an samu matsala, kuma ku ba shi ko kuɗin mota ne, yawancinsu ɗalibai ne ko masu neman aiki. In mace ce, a haɗa ta da mace ko a riƙa zama a fili inda mutane ke gani, rihaza kuma ta tashi da wuri kowa ya isa gida lafiya. Ku kuma lura da malamin kansa, domin akwai wanda in ya ga yaron ya fara fin sa murya sai ya daina ba shi dama, irin wannan sai dattawa sun sa baki.

In lokacin ya cika, malamin ya rubuta wa dattawa rahoto, inda yaron ya yi ƙarfi da inda da saura, a karanta masa a gabansa. Daga nan za a iya riƙe shi mataimaki, ko a tura shi wata ƙaramar majami'a a ƙauye da ba ta da mai jagora ya yi wata uku, malamin yana kiransa a waya duk ranar Litinin ya ji yadda Lahadi ta kasance.