Wa zai tsaya wa mai usur?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau daga filin ƙwallon kwando yake, wajen yara 'yan sakandare.

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon wasan makarantu, na gasar Milo ne ko na unguwa, ya san yadda abin yake. Alƙalin wasa ya busa usur, ya ce yaro ya yi taku da ƙwallo a hannu. Kafin yaron ya buɗe baki, koci ya riga ya shigo fili yana ɗaga hannuwa, wani uba daga bayan benci yana ihu wai an sayi rafari. Yaron ya waiga ya ga manya sun fara, sai shi ma ya maka ƙwallon da ƙasa, ya ja tsaki. A ganina, tsakin nan ba nasa ba ne, aro ya yi.

Doka kuwa ba ta bar wurin a buɗe ba. A ƙa'idar FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kyaftin da koci ne ke da izinin neman bayani wajen alƙali, cikin ladabi, kuma sai an tsayar da wasa da agogo. Wanda ya yi rashin kunya, alƙali ya haɗa hannuwa ya nuna alamar T, tekinikal ke nan: abokan karawa su yi jifa ɗaya ba mai tare su. Ɗan wasa ya yi biyu, ya fita. Koci ma haka, biyu nasa na kansa, ko uku in an haɗa da na bencinsa, domin laifin wanda ke zaune a benci a wuyan koci ake rubuta shi. In kuma kuskuren maki ne ko na agogo, kyaftin yana da minti 15 bayan tashi ya sanar da alƙali, ya sa hannu a takardar sakamako cewa ba su yarda ba.

To me ya sa ba a cika ganin T ɗin ba? Ku dubi mai usur ɗin. Sau da yawa saurayi ne, ko malamin motsa jiki da aka roƙa, ladansa bai wuce kuɗin mota ba, kuma ƙofa ɗaya zai bi da waɗanda suka zage shi. Shi ma yana kuskure, ba musu. Yara goma ne ke gudu, ido biyu ne da shi. Amma uban da ke ihu babu tekinikal ɗin da zai kama shi. Wannan aikin masu shirya gasa ne: alƙali ya tsayar da wasa, su fitar da mutumin kafin a sake jefa ƙwallo, a rubuta rahoto, kocin da aka kora ya kalli wasa na gaba daga cikin 'yan kallo. Kuma a faɗi haka gaban kowa tun kafin a fara.

A Amurka, hukumar wasannin makarantun sakandare ta ce a 2022 alƙalai kusan 50,000 sun ajiye usur cikin 'yan shekaru, kuma zagin iyaye na cikin dalilai. Can aƙalla an ƙirga su. A nan, wanda ya gaji ba ya ko sallama. Ranar Asabar za a yi ta kiran wayarsa, yara suna tsaye da rigunan wasa, a ji ta a kashe.