Lambar yabon Likita Irwin da abin da aka bari a baya

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai koma da mu Amurka ne, shekarar 1861.

Idan aka bi ranar da aka yi aikin jarumtar, sunan da ke kan gaba cikin waɗanda suka samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, wato Medal of Honor, shi ne Bernard Irwin. Mutumin Ailan ne, an haife shi a yankin Roscommon a 1830. Iyayensa sun ƙetare teku da shi a shekarun 1840, zamanin da yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a ƙasar, ta kori wasu miliyan. Ya karanci likitanci a New York, ya shiga soja a matsayin likita.

A watan Fabrairun 1861 labari ya iso sansanin Fort Buchanan cewa mutanen ƙabilar Apache, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, sun yi wa Laftanar George Bascom da sojojinsa 60 ƙawanya a mashigin Apache Pass, a Arizona ta yau. Irwin, wanda aikinsa ɗinkin rauni ne, ya ce shi zai je. Ya ɗebi sojoji 14, ba ko dawakai, sai alfadarai, suka yi doguwar tafiya cikin tsananin sanyi har suka isa wurin 'yan'uwansu. Wannan jarumta ce, ba mai musu. Shekara ɗaya bayan haka ma, a yaƙin Shiloh, ɗaya daga cikin gwabzawar yaƙin basasar Amurka, ya kafa asibitin tantuna kusa da fagen daga, ya ceci rayuka.

To amma me ya jawo ƙawanyar tun farko? An sace wani yaro ne daga gonar wani Bature, aka ɗora laifin kan shugaban Apache mai suna Cochise. Bascom ya gayyace shi tattaunawa cikin tanti, Cochise ya zo da iyalinsa da zuciya ɗaya, ya ce yaron ba ya hannunsa. Sai aka nemi tsare shi. Ya zaro wuƙa, ya farke tantin, ya tsere, danginsa suka rage a hannun soja. Shi ma ya kama wasu Amurkawa, da musayar fursunoni ta ci tura ya kashe su. Sojoji suka rama: suka rataye mazaje shida, ciki har da ɗan'uwan Cochise. Uku daga cikinsu Irwin ne ya kamo su a hanya, kuma yana cikin masu goyon bayan a rataye su.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Irwin, wanda mutanen ƙasarsa suka san zafin rasa ƙasa da gona, shi ne ya tsaya cikin rundunar da ke raba wasu da tasu. Takardar yabon da aka ba shi a 1894, bayan shekara 33, ta ambaci ceton sojojin, ba ta ambaci igiyar ba, kuma a ganina duk mai ba da labarin nan wajibi ne ya haɗa su biyun.

Yaƙin da ya biyo baya bai lafa ba sai 1872, lokacin da Cochise ya yi sulhu da Janar Oliver Howard. Shi kuwa yaron, daga baya ta tabbata wani reshen Apache ne daban ya ɗauke shi. Ya girma a cikinsu, har ya zama ɗan leƙen asiri da tafinta na sojan Amurka, aka san shi da suna Mickey Free.