Kataloniya: Mu Baƙi Ina Muka Tsaya?

Assalamu alaikum. Malam Liman, dattawa, iyayenmu mata, da 'yan uwa da suka taso tun daga Girona da Lleida, sannunku da hanya.

Makon jiya wani ƙanena ya tare ni: "Yaya, mu bayan wa muke, gwamnatin Madrid ko masu son ɓalle Kataloniya daga Sifen?" Na ce ya bari sai yau.

Tsofaffin zuwa ba su manta da Oktoban 2017 ba. Ƙarfe goma na dare unguwarmu a nan Barselona ta ɗau ƙara, kowa ya leƙo taga yana dukan tukunya da cokali. Uwargida ta sunkuci yara, a zatonta gobara ce. Ashe haka 'yan Kataloniya suke nuna fushi. Ranar 1 ga wata aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa, wadda kotu ta haramta, 'yan sanda suka shiga rumfunan zaɓe da kulake. Ranar 27 majalisar Kataloniya ta ayyana 'yancin kai, firaministan Sifen Rajoy ya rushe gwamnatin yankin, shugaban yankin Puigdemont ya tsallake Beljiyam, daga baya aka yanke wa mataimakinsa Junqueras ɗaurin shekara 13.

Miki ne tsoho. Suna kirga shi tun faɗuwar Barselona a hannun sojojin sarkin Sifen a 1714, ga zamanin mulkin kama-karya na Franco da aka kori harshensu daga makarantu. Wanda aka taɓa hana yarensa, ba ya wasa da shi.

Amsata, ƙanena: faɗan 'yan gida ɗaya ne, kada ka rataya tutar kowa a tagar gidan haya. Guguwar ma ta lafa. An yi dokar afuwa ga masu fafutukar ɓallewa a 2024, kuma Salvador Illa, wanda ba ya son ɓallewa, shi ke mulkin yankin.

Abin da ke hana ni barci daban ne. A garin Ripoll, Sílvia Orriols ta zama magajiyar gari a 2023, jam'iyyarta Aliança Catalana kuma ta sami kujera 2 a majalisar Kataloniya a 2024. Ɓallewa suke so, amma baƙi da Musulmi suka sa a gaba. Ɗaya daga hujjojinsu, wai mun ƙi harshensu.

To, mu tsinke musu wannan igiya. 'Ya'yanmu da Katalanci suke karatu, mu iyaye mun maƙale wa Sifananci, shi ma rabi-rabi. Tsohuwa mai gidan burodin layinmu shekara uku ba ta ɗaga kai ta dube ni ba, ranar da na ce mata "bon dia", wato ina kwana da Katalanci, har sunan yarana ta tambaya.

Akwai ajin Katalanci na manya da ake buɗewa a garuruwa. Sakatare na bakin ƙofa da takarda, maza da mata a rubuta suna kafin a zuba abinci. Sunana ne na farko.