Shan Hantsi a Ƙasar da Rana Ke Rowa: Jawabi ga 'Yan Kaduna Mazauna Manchester

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan uwa, da ku samari da 'yan mata da kuka maƙale can baya kusa da hita, barkanmu da war haka. Kwamitin walwala ya zo da magana a kan nauyin da hunturun ƙasar nan ke ɗora wa zuciya, da kuma ajin rubutu da muke son buɗe wa yaranmu masu shekara 13 zuwa 17. Maganar guda ce, za ku ga inda suka haɗu.

A Kaduna, ko a tsakiyar Disamba, rana tana ba mu kimanin awa 11 da rabi. Hazo ya sauko, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, amma hantsi yana fitowa, tsofaffi su jingina da bango a Tudun Wada ko Kawo suna shansa. A nan kuwa, ranar 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen 8:20, kafin 4:00 na yamma ta faɗi. Awa 7 da rabi ke nan, yawancinsu a bayan gajimare. Azahar, La'asar da Magariba duk sukan shige cikin awa 4. Tun ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ake mayar da agogo baya da awa 1, mai aikin sito ko gidan kula da tsofaffi zai fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ya yi mako bai ga sama da idonsa ba.

Abin da ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne. Hasken safe da ke shiga ido shi ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, ya tsayar da sinadarin melatonin mai kawo barci. In hasken ya makara ko ya yi rauni, agogon sai ya zame baya, mutum ya tashi amma jikinsa yana ganin dare ne. Likitan Amurka Norman Rosenthal da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan ciwo a 1984, kuma SAD ake kiransa a asibiti, wato ciwon damuwa mai bin yanayi. Alamunsa sun ɗan bambanta da damuwar da aka saba ji: barci ya yi yawa amma ba ya isa, kwaɗayin burodi da kayan zaƙi, ƙiba, nauyin gaɓoɓi, saurin fushi, gudun mutane. Yakan fara a kaka, ya sassauta wajen Maris ko Afrilu.

A gidajenmu mukan ba shi wasu sunaye. A ce lalaci, a ce kewar gida, a ce raunin imani, wani ma ya kai ga zargin sammu. Iyaye, mu yi hattara da wannan. Addu'a da neman magani ba su taɓa karo ba, amma kiran yarinya malalaciya alhali jikinta ne ya rasa haske, ƙara mata kaya ne.

Magani na farko kyauta ne, kuma mun san shi tun gida: shan hantsi. Ana auna haske da ma'aunin lux. Ƙwan fitilar falo yakan ba da 100 zuwa 300. Waje kuwa, ko ranar da gari ya lulluɓe, yakan haura 1,000, sau da yawa ninkin haka. Saboda haka tafiyar minti 20 zuwa 30 a waje kafin Azahar tana ba ido haske mai ƙarfin da ɗaki ba ya bayarwa ko da duk fitilu a kunne. A ɗage labule da zarar gari ya waye, a matso da kujera kusa da taga. A riƙe lokacin tashi guda har Asabar da Lahadi, domin ramuwar barci zuwa 11:00 ita ke sake ture agogon, Litinin ta zo da wahala.

Wanda hakan bai ishe shi ba, akwai fitila ta musamman. A duba an rubuta 10,000 lux a kwalinta, kuma tana tace hasken UV mai cutar da ido da fata. A ajiye ta gefe a kan tebur, a tazarar da masu ita suka faɗa, galibi kamar kamu 1, a zauna minti 20 zuwa 30 da safe ana karin kumallo, ido a buɗe amma ba a ƙura mata ido. Inda ake kuskure: a kunna ta da daddare, sai barci ya gudu, ko a ajiye ta can ƙarshen ɗaki, inda ƙarfinta ya riga ya zube, ko a gwada kwana 3 a watsar, alhali takan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin a ji canji. Mai ciwon ido, mai shan maganin da ke sa fata ko ido jin haske, da mai ciwon da hankali ke hawa da sauka, su tambayi likita tukuna.

Sai bitamin D. Daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi. Hukumar lafiya ta NHS ta ce maikirogiram 10 a kullum, mu masu baƙar fata kuma duk shekara. Babba kada ya wuce 100 a rana. Amfaninsa ga ƙashi da tsoka ne, kada a ɗauke shi maganin damuwa a zauna. In nauyin zuciya ya kai mako 2 kusan kullum, a je wurin GP, wato likitan unguwa, a nemi a duba jini ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo sukan kawo irin wannan gajiya. Wanda ya fara maganar gara mutuwa, ba a jiran Litinin: a kira lambar 111, ko 999 in abin ya yi tsanani.

To yaranmu fa? Jikin matashi dama yana jinkirta barci, ga waya a hannu har tsakar dare, ga buƙatar awa 8 zuwa 10 da ba ta samuwa. Kafin ya iso gida daga makaranta an yi Magariba. Ba dandali, ba ƙwallo a layi, ba gidan gwaggo da za a aike shi. Ɗaki da allo kawai. Shi ya sa muka sa ajin rubutu ranar Asabar, 10:30 zuwa 12:00, lokacin da haske ya fi yawa, mako 12 daga Nuwamba. Ajin ba asibiti ba ne, amma zai fito da yaro daga bargo, ya haɗa shi da tsararsa, ya ba shi wurin ajiye abin da ke cinsa.

Yara 8 zuwa 10, kada su wuce, don in sun kai 15 rabinsu ba za su samu karanta komai ba. Minti 20 na farko a waje za a yi shi, kowa da ƙaramin littafi, ya dawo da abu 5 da ya gani, ya ji ko ya shaƙa. Sai minti 10 na rubutu ba ɗaga biro, ba gogewa, malami ma yana nasa rubutun. Sai aikin ranar, minti 30. Ragowar lokacin karatu ne da shayi. Wayoyi a kwando. Biro da takarda, domin mai rubutu a waya yakan goge jimlar farko sau 10 bai kai ta biyu ba.

Aikin ranar shi ne inda gwanintar malami take. Kada a ce "rubuta a kan hunturu" ko "a kan zumunci". Taken da ya yi faɗi yakan haifi rubutun jarrabawa, mai tsabta, ba rai. A kawo jaka da daddawa, tsamiya, kilishi, turaren wuta, yaro ya rufe ido ya shaƙa, ya rubuta ɗakin da ƙamshin ya kai shi. Wani makon a ɗauko Gizo da Ƙoƙi a saka su a taragon Metrolink, jirgin cikin garin Manchester, ba tikiti, a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a ga wace dabara Gizo zai yi wa mai duba tikiti. Yaran da suka ce ba su iya ƙirƙira ba, a nan bakinsu ke buɗewa, domin an riga an ba su hali, saura matsala. Wani makon kowa ya kira kakarsa ko kawunsa ta WhatsApp da tambaya 3: me ake sayarwa a Kasuwar Barci lokacin kuruciyarki, wa ya fara kai ka bakin Kogin Kaduna, wane laifi aka taɓa dukanka a kai? Ya mayar da amsar labari mai kalma 300. A tuna Najeriya tana gaba da awa 1 a wannan lokaci. Akwai kuma aikin hira: mutum 2 suna faɗa, amma an hana rubuta kalmar fushi. Dole a nuna shi a yadda aka dire kofi, ko amsar da aka ƙi bayarwa.

Harshe kuwa, a bar su. Yawancinsu Hausarsu ta kicin ce, suna ji, suna amsawa da Turanci. In aka ce sai tsantsar Hausa, za su yi shiru. A yarda su gauraya, a ce dai maganar tsofaffi a cikin labarin ta fito da Hausa. A sa musu Hausa a Gboard, allon rubutu na waya, saboda ɓ, ɗ, ƙ. Misali guda ya isa: ƙura ta rufe Kaduna daban, kura ta rufe Kaduna daban. Za su yi dariya, ba za su manta ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan aji shi ne jan biro. Yaro ya kawo shafinsa na farko, a cika shi da gyaran ƙa'ida, mako mai zuwa ba zai zo ba. A daftarin farko tambaya 2 kawai ake yi: wace jimla ce ta tsaya maka a rai, kuma ina kake son ƙarin bayani? Gyaran rubutu sai mako na 10, lokacin haɗa ɗan littafinsu. Ba a tilasta wa kowa karantawa a fili. Mu iyaye kuma, don Allah, kada mu buɗe littafin yaro in ba shi ya miƙo ba.

Za su rubuta abubuwa masu duhu, mutuwa, faɗan gida, wariya a makaranta. Yawanci labari ne kawai, kada a firgita. Amma in rubutun ya koma "ni", da hanya, da lokaci, malami ya keɓe da yaron a ranar, ya sanar da mai kula da tsaron yara na ƙungiya. A gaya musu wannan iyaka tun zaman farko, don kada su ce an ci amanarsu. Kowane zama manya 2, mace da namiji, kowa da takardar DBS ta binciken tarihin laifi.

Muna neman masu sa kai 4, littattafai 10, kwalin biro 1, da ɗaki mai manyan tagogi, ba irin wannan na ƙarƙashin ƙasa da muke ciki ba. Takardar rajista tana kan tebur a bakin ƙofa, wajen sakatariya. Ranka ya daɗe, mun gode.