Wayar gilashi ta iso Damagaram, yaushe za ta shiga aji?

Jama'a, in kun bi hanyar Magarya daga Damagaram, akwai waya binne a gefen titi wadda babu jan ƙarfe a cikinta ko kaɗan. Zaren gilashi ne, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita, kuma haske ne ke gudu a ciki ɗauke da saƙo, kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Ita ce fibir optik.

Nijar ba ta da teku, manyan wayoyin intanet na duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke kwance. Dole sai mun ratsa ƙasar maƙwabta kafin mu taɓa su, ta Benin ko ta Najeriya. Shi ya sa aikin wayar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ya ware layi guda daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Magarya har iyakar Najeriya.

To mene ne ruwan lakwal da wannan? Ai rezo ɗin Airtel ko Moov ko Zamani yana nan a wayar malam, ko ba haka ba?

Yana nan, amma na mutum ɗaya ne. Mu a Damagaram ba sai an koya mana zancen ruwa ba: siririn famfo yana cika tulu, amma unguwa guda sai babban bututu. Malam shi kaɗai zai buɗe bidiyo ya kalla. Ɗalibai sittin su buɗe lokaci guda, sai hoton ya tsaya cik, ɗan da'irar nan yana ta juyawa, awa ta ƙare ba a koyi komai ba.

Inda layin ya shiga da ƙarfinsa, wanda ya fara cin moriya malam ne. Ku duba malamin kimiyya a sakandaren Tanut ko Gure, ba ɗakin gwaji, ba kwalba ko ɗaya. Da alli yake zana yadda jini ke zagaya zuciya. In akwai intanet mai ƙarfi da majigi, sai yara su ga zuciyar tana bugawa a jikin bango, ya tsayar, ya mayar baya, ya yi tambaya. Da dare ya sauke tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da BAC, ya ga yadda takwaransa na Yamai ya warware su. Ɗalibin Jami'ar André Salifou kuwa ya karanta mujallar bincike ba tare da ya jira wani ya dawo masa da kwafi daga tafiya ba.

Sai dai waya ta wuce ta bakin titi daban, ta shiga aji daban. Wannan ɗan tsakanin, daga titi zuwa ƙofar lakwal, shi ne mai tsada, don kowace makaranta sai an yi mata nata haƙan. Shirin Giga, wanda UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU suka kafa a 2019, da taswira ya fara: ina kowace makaranta take, kilomita nawa ne tsakaninta da layi. Mai nisa sosai sai eriya ko tauraron ɗan'adam.

Ga kuma wuta. In NIGELEC ta ɗauke, fibir ba ta da laifi, amma akwatin da ke raba intanet ɗin ya mutu. Faranti mai hasken rana da batir suna maganin wannan. Wasu makarantu na ajiye darussa a kwamfuta ɗaya da manhaja irin Kiwix, yara su karanta Wikipedia ko layi ya yanke. Ajin zana kuwa, inda ba ƙofa ba makulli, maganar ajiye kwamfuta ma ba ta taso ba tukuna.

Akwai tambayar da ya kamata kwamitin iyaye ya yi tun ranar da aka zo haƙa: in aikin ya ƙare, masu tallafi sun tafi, wa zai riƙa biyan kuɗin wata, kuma wa za a kira in mai gini ya tsinke wayar?