Ƙwannafi: Kafin ka jiƙa kanwa, duba makwancinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bidiyon nan na jiƙa kanwa a sha don ƙwannafi ya zaga wayoyi daga Garwa har Kuseri a arewacin Kamaru, kuma tambaya ɗaya ake ta aiko mana: tana aiki? Tana yi, na ɗan lokaci. Ku biyo mu ku ga abin da ke biyo baya.

Ku dubi wannan gorar. Ita ce tumbi, wuyanta kuma hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro. A mahaɗarsu akwai wani zoben nama da ke buɗewa loma ta wuce, ya sake tsukewa. Ruwan tsamin da ke narka abinci a ƙasa yake zama, kowa ma yana da shi. Mai ƙwannafi, yawanci zoben nan ne ya saki, sai tsamin ya hauro inda babu abin da zai kare fata daga ƙunarsa.

To ga kanwa, ungurnu ce irin ta yankin Tafkin Chadi. Mun zuba ta a ruwan tsami, kun ga kumfa? Iska ce. Haka take yi a ciki: ta kashe tsamin, zafi ya lafa, amma iskar ta kumbura tumbi, a yi gyatsa, zoben ya sake buɗewa. Ga gishirin da ke cikinta, wanda ke cutar da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Kanwa a miya ko a wake, daidai ne. A kofi kowane dare, a'a, ba mu yarda ba.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuskure, a nan za mu daɗe.

Gora a tsaye, murfinta a sake, ba ta zuba. Mun kwantar da ita. Kun gani? Abin da ke faruwa ke nan idan an ci tuwon dawa da miyar kuka mai mai bayan isha'i, aka miƙe a tabarma. Tumbi na buƙatar awanni kafin ya tura abinci gaba, mai maiƙo kuwa ya fi daɗewa. Don haka a bar awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Mai kwanciya ƙarfe 10, ya gama cin abinci ƙarfe 7. A watan azumi ma haka batun yake: komawa barci da cikin sahur shi ke tada mutane da ɗaci a baki.

Sai ɗaga kai. Da an ce a ɗaga kai, sai a tara filo uku. Ku kalli yadda jikin ya lanƙwashe: wuya ya tashi, ƙirji na ƙasa, ciki ya matse kamar an danne salka. Wannan ƙara turo tsamin yake yi. Abin da ake so, jiki duka ya gangara daga kai zuwa ƙugu. Mai gado ya sa bulo ko guntun katako ƙarƙashin ƙafafu biyu na wajen kai, tsayin santimita 15 zuwa 20, wato kusan taƙi ɗaya. A tabbatar sun zauna daram kada gadon ya zame. Mai katifa a ƙasa, ko mai shimfiɗa a tsakar gida lokacin zafin Maris da Afrilu, ya naɗe bargo ya cusa ƙarƙashin katifar, kauri wajen kai, yana sirancewa har ƙugu. Filo ɗaya ya isa a sama.

Kwanciya a ɓangaren hagu ta fi kawo sauƙi, domin a hagu jakar tumbi take, tsamin sai ya kwanta ƙasa da zoben. Mun san da ɓangaren dama ake fara kwanciya bisa sunna. A fara da shi, a yi addu'a, in ƙirji ya soma zafi a juya hagu.

Sauran a gurguje. Citta ɗanya, yanki kamar kan babban yatsa, a tafasa a kofin ruwa minti 10, a sha da ɗumi. In ta yi yawa ita ma ƙuna take sawa. Na'a-na'a kuwa sassauta zoben take yi, saboda haka 'yan majalisar shayi su yi haƙuri, a cire ta, a rage kaurin ganye, a daina na dare. Zoɓo, wanda ake kira folere, da kunun tsamiya da barkono da goro, kowa ya lura da wanda ke tada masa, ya rubuta na sati biyu. Madara mai maiƙo na sanyaya ƙirji nan take, daga baya zafin ya dawo. A raba abinci kashi-kashi, a sassauta zariya da ɗaurin zane, mai teɓa ya rage, mai taba ya bari. Ƙwayoyin maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin, da ake saye a tebur, suna ƙara rura wutar.

Wanda aka rubuta wa omeprazole, maganin rage tsamin ciki, minti 30 kafin karin kumallo ake sha, ba sai zafi ya taso ba.

A saurari wannan da kyau. In ƙwannafi na zuwa fiye da sau biyu a sati duk da waɗannan gyare-gyare, a je asibiti. In abinci na maƙalewa, ko ana aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ana ramewa ba dalili, kada a jira sati ya zagayo. Zafin ƙirji mai sauka hannu ko haɓa, da gumi da sarƙewar numfashi, wannan yana iya zama zuciya. A ajiye kofin kanwa, a nemi abin hawa nan take.